Ɗiyata ta rubuta awa 1 da minti 75, ta ina zan kamo mata bakin zaren?

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah malaman da ke cikin nan ku taimaka min da dabara. Ummi tana aji uku shekararta takwas, ta iya duba agogo sarai, in ka tambaye ta ƙarfe nawa za ta faɗa maka, amma da zarar an ce daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza awa nawa ne shikenan ta rikice. Jiya aka ba su aikin gida wai mota ta tashi 1:40 ta isa 3:15 tafiyar awa nawa ta yi, yarinyar nan ta rubuta min awa 1 da minti 75 kuma wlh ta tsaya kai da fata ita daidai ta yi don haka aka koya musu ɗebewa. Ni na san awa ɗaya da minti talatin da biyar ne amma yadda zan fahimtar da ita ne ya gagare ni, na yi bayani na yi bayani har ta fara hawaye na ƙyale ta.

Baban Ikram: Hhhhh minti 75. Hajiya ki yi haƙuri ba ita nake wa dariya ba, nawa yaron ma haka yake yi kuma shi aji biyar ma yake

Malamin Aji Huɗu: Wa alaikumus salam Hajiya. Da farko dai ki daina damuwa, Ummi ta iya lissafi, abin da ta yi ma shaida ne. Ta ɗauki 315 ta cire 140 ta samu 175 kuma daidai ne in da kuɗi ake lissafawa. Matsalar ita ce tun aji ɗaya duk abin da muke koya musu goma-goma yake tafiya, goma ta cika a wuce gida na gaba, ɗari ta cika a wuce, sai rana ɗaya mu kawo musu agogo wanda shi sittin yake cika ba mu ja kunnensu ba. To da ta zo cire 40 daga 15 ta ga bai yiwuwa sai ta aro ɗaya daga gidan awa, amma ta ɗauke shi a matsayin ɗari alhali sittin ne. Ga wata alama da nake gane wa a aji: ki mayar da amsarta daidai, awa 1 da minti 75 ai awa 2 da kwata kenan, tsakaninsa da amsar gaskiya minti 40 cif. Duk yaron da kika ga amsarsa ta haura da minti arba'in to wannan ciwon ne ba wani ba, don tsakanin ɗari da sittin arba'in ne.

Maman Ummi: Kai Malam Allah ya ƙara sani, wallahi na koma na duba littafinta, guda uku da ta faɗi duk da arba'in suka haura. To yanzu ya zan yi

Malamin Aji Huɗu: Ki zauna da ita ki nuna mata in an aro awa ɗaya 60 ake ƙarawa a kan mintin. 3:15 ya koma 2:75, sai a cire 1:40, saura 1:35. Ki ba ta guda goma kullum har hannunta ya faɗa.

Ɗan Kwari: Malam ranka ya daɗe ni ba malami ba ne ɗan kasuwa ne amma ina da ja a nan. Yarinyar da ake so ta yarda babu wani abu wai shi minti 75 a agogo kuma sai a ce mata ta rubuta 2:75 da hannunta? Ai ƙara rikita ta za a yi. Ni yarana yadda muke ba da canji na koya musu. Mutum ya sayi kayan naira ɗari shida da hamsin ya miƙo dubu, wa ka taɓa gani ya ɗauko biro yana aro? Hamsin za ka ɗora ka ce ɗari bakwai, ka ɗora ɗari uku ka ce dubu, shikenan. To haka agogo. Daga 1:40 minti nawa ya rage biyu ta cika? Ashirin. Daga biyu zuwa uku awa ɗaya. Daga uku zuwa uku da kwata sha biyar. Ashirin da sha biyar talatin da biyar, ga awarki ɗaya a gefe. Ba aro ba rance.

Malama Uwar Marayu: Ɗan Kwari ka riga ni, abin da nake ƙoƙarin rubutawa kenan netwok ya hana. Ni aji uku nake koyarwa kuma layi nake ja musu a allo. Layi ɗaya dogo, a farkonsa in rubuta lokacin da aka fara a ƙarshensa lokacin da aka gama, sai mu yi ta tsalle. Ƙaramin tsalle zuwa cikar awa, manyan tsalle na awa-awa, sai ɗan guntun da ya rage. A saman kowane tsalle yaro ya rubuta nawa ne, a ƙarshe ya tattara. Wani lokacin ma waje nake fita da su in ja layin a ƙasa da sanda su yi tsallen da ƙafarsu, ranar har waɗanda ba sa magana a aji sai ka ji bakinsu.

Malamin Aji Huɗu: Ban ƙi ta taku ba, hanyar tana da kyau ga mai farawa. Amma ku tuna yaran nan jarrabawar shiga sakandare ke gabansu, tambayoyi da yawa lokaci kaɗan, yaro ba zai tsaya zanen layi da tsalle-tsalle a kan kowace tambaya ba. Kuma ku da kuke da yaro ɗaya biyu a gida daban, ni yara sun haura tamanin a gabana, wasu ko bencin zama babu, hanyar da zan rubuta a allo kowa ya kwafa ita ce mafita a wurina.

Malama Uwar Marayu: Malam ai layin ba har abada za a yi ta zana shi ba. Bayan sati biyu uku sai ka ga yaro ya daina ja, a ka yake yi, kuma wlh ya fi mai aro sauri. Kai kanka in aka tambaye ka daga 9:45 zuwa 12:05 tsakani da Allah aro kake yi ko cewa kake kwata, awa biyu, minti biyar, awa biyu da minti ashirin?

Malamin Aji Huɗu: Ni ai na girma Malama 😄

Malama Uwar Marayu: To abin da babba ke yi a kansa shi ya kamata a fara ba yaro. Aron a kawo shi daga baya in ya riga ya san amsar da ya kamata ya samu, ta yadda in ya ga minti 75 shi da kansa zai ce kai wannan ba daidai ba ne. Yanzu Ummi ta rubuta 75 ko a jikinta, nan ne inda gizo ke saƙa.

Baban Ikram: Ni tambayata ma daban ce, wai waye ya ce sai sittin? Da an bar shi ɗari da duk ba mu sha wannan wahalar ba

Lakcara: Baban Ikram tsohon gado ne, daga mutanen Babila ya taso, ƙasar da yanzu take cikin Iraƙi, su lissafinsu na taurari da sittin-sittin suke yi. Raba yini gida goma sha biyu dare ma sha biyu kuma Misirawan da ne. Kuma sittin tana da daɗin rabo, tana rabuwa biyu, uku, huɗu, biyar, shida, goma, sha biyu, ba tare da ɓurɓushi ba, ɗari kuwa ko uku ba ta rabuwa. Abin da kake so ɗin ma an taɓa gwadawa, Faransa bayan juyin juya halinsu a 1793 suka kafa doka yini da dare awa goma ne, kowace awa minti ɗari, har agoguna aka ƙera a kan haka, mutane suka ƙi karɓa, a 1795 aka jingine dokar.

Amma ni abin da nake so in ƙara a kan maganar Hajiya, kafin a zo kan takarda a tabbata yarinyar tana jin tsawon lokacin a jikinta. Akwai wani masanin halayyar yara ɗan Suwizalan, Jean Piaget, da ya yi gwaji a kan wannan a shekarun 1940. Zai sa 'yan kayan wasa guda biyu su tashi tare su tsaya tare amma ɗaya ya fi sauri ya yi nisa, sai ya tambayi yaro wanne ya fi daɗewa yana tafiya. Ƙananan sai su ce wanda ya yi nisa, don su a wurinsu nisa da daɗewa abu ɗaya ne, sai sun tasa kamar shekara bakwai takwas abin ke fara rabuwa a kansu. To kun ga Ummi yanzu ne ma take kan gaɓar. Yaro zai iya karanta 3:15 a fuskar waya tsaf amma bai san minti goma sha biyar ya yake ba, dogo ne ko gajere.

Anti Nas: Wannan gaskiya ne Dakta. Kuma mu iyaye muna da laifi a nan, za ka ce wa yaro ina zuwa minti biyar ka dawo bayan awa biyu, to shi minti biyar ɗinsa kenan har ya girma

Baban Ikram: Anti ai wannan har manya, a katin biki a rubuta ƙarfe biyu amarya ta shigo bayan magariba

Anti Nas: Bar wannan zancen kar a kore mu daga gurup 😂 Ni abin da na yi wa nawa, na sayi agogon bango mai hannu na rataya ƙasa-ƙasa daidai tsayinsu a tsakar gida, duk abin da zan yi sai in sa ɗaya ya zama mai tsaron lokaci. In na ɗora shinkafa in ce duba min ƙarfe nawa, in na sauke in ce sake dubawa, to minti nawa ta yi a wuta. Wanka, wanke-wanke, zuwa shago a dawo, duk aunawa muke har abin ya zama gasa tsakaninsu. Sannan magani, tunda aikina kenan, in aka rubuta a sha duk bayan awa takwas sai in ce wa babbar ta lissafa min, an sha shida na safe, na gaba yaushe? Biyu na rana. Na gaba? Goma na dare. Wlh a asibiti ina ganin manya da wannan yake ba su wahala, a ce sau uku a rana su haɗa duka tsakanin karin kumallo da la'asar.

Maman Ummi: Mu fa gidanmu babu agogon bango, tun da batirinsa ya mutu aka ajiye, kowa waya yake dubawa

Malama Uwar Marayu: Hajiya ki saka masa batir yau ɗin nan. A waya lamba ce kawai ke canzawa, yaro ba ya ganin tafiyar lokacin, amma a mai hannu tana kallon dogon hannun ya taso daga takwas ya hau sha biyu, ta ga ashirin ɗin da idonta. In ma agogon ya lalace gaba ɗaya kar ki yar, ki cire gilashin ki ba ta ta riƙa juya hannun da yatsa. Ko ki yanka kwali ki zagaye da murfin tukunya, ki rubuta lambobin, hannaye biyu ki soke su da ƙusa a tsakiya. Ni a nawa na aji a bayan kowace lamba na rubuta mintinta da jan biro, 5, 10, 15 har 60, don wasu sai sun ga dogon hannu a kan 8 su ce minti takwas.

Dattijon Gurup: Salamu alaikum 'ya'yana. Ina ta karantawa ina jin daɗi. Mu lokacin da muka taso agogo sai gidan wane da wane, amma ba wanda lokaci ke ɓace masa. Hantsi, walaha, rana tsaka, azahar, la'asar, sakaliya, almuru, kowanne yaro ya san shi kuma ya san abin da ake yi a cikinsa. A makarantar allo malaminmu sanda yake kafawa ya nuna mana inuwa, in ta gama raguwa ta fara komawa gabas rana ta yi zawali azahar ta shiga, in ta ƙaru da tsawon sandar a kan abin da ta rage da tsakar rana la'asar ta yi. Ina ba ku shawara ku fara da salloli, yaro ya san tsakanin magariba da isha'i gajere ne, tsakanin asuba da azahar dogo ne, sai ku ɗora masa lambobin a kai.

Malamin Aji Huɗu: Allah ya ƙara girma Baba. Sai dai lokutan salla suna motsawa da shekara, magaribar lokacin sanyi ba ita ce ta damina ba, kar yaro ya haddace lamba ɗaya ya riƙe.

Dattijon Gurup: Ai shi ya sa na ce a duba, ban ce a haddace ba Malam. Jadawalin azumi da ake rabawa a masallatai ma ya isa littafi guda. Kullum yaro ya duba alfijir ya duba faɗuwar rana ya faɗa maka awa nawa za a yi ana azumi.

Lakcara: Baba ya kawo wuri mai wuya kuwa, tsallake sha biyun rana. A ce alfijir 5:20 shan ruwa 6:40, yaro mai ɗebewa zai cire biyar daga shida ya ce maka azumin awa ɗaya da minti ashirin ne 😄 Da tsalle kuwa ba matsala, daga 5:20 na asuba zuwa 5:20 na yamma agogo ya zagayo sau ɗaya awa sha biyu, sai a ƙara awa ɗaya da minti ashirin, sha uku da minti ashirin.

Baban Ikram: Azumin awa ɗaya ai da kowa ya yi na nafila

Ɗan Maraɗi: Sallama gare ku 'yan uwa. Mu nan Nijar wannan bai cika ba yara wahala ba don a lakkwal, wato makarantar boko, da awa ashirin da huɗu ake koya musu, shida da arba'in na marece 18h40 mushe, wato malami, zai rubuta. Ka cire 5h20 daga 18h40 ka samu 13h20 kai tsaye ba wani zagaye. Amma aron sittin ɗin nan mu ma yana kada su, ɗiyana biyu duk sun sha bulala a kansa. Kuma in sun dawo gida uwarsu ta ce ƙarfe bakwai saura ashirin, sai su tsaya suna kallon ta.

Malama Uwar Marayu: Yauwa wannan saura ɗin ma wani rami ne. Ka ce wa yaro uku saura kwata ya rubuta, rabin aji 3:15 za su rubuta wasu 3:45, don ukun suka fara ji. Amma ni ina ganin riba ce a wurinmu, yaron da ya saba jin biyu saura ashirin a gida ai an riga an yi masa tsallen farko, ya san 1:40 saura ashirin biyu ta cika. Sai dai a haɗa masa maganar baki da abin da ke rubuce.

Abban Walid: Ni dai ƙwallo ce ta cece ni. Yarona ba ya son lissafi ko kaɗan amma in ka ce wasa za a fara 8:30 na dare yaushe za a tashi, nan take zai ce maka rabin farko arba'in da biyar, tara da kwata, hutu sha biyar, tara da rabi, a dawo a ƙara arba'in da biyar, goma da kwata banda ƙarin lokacin alƙali. Abin da ya ba ni mamaki da na ce to duka minti nawa ya ce 105, na ce mayar min awa sai ya rubuta 1:05

Malamin Aji Huɗu: Ciwon Ummi ne ya juyo ta baya, shi ma awa ɗari ya ɗauke ta. Ka sa shi ya cire sittin ya ga saura arba'in da biyar. Kuma ku hana su kalkuleta a wannan darasin, yaro zai raba 90 da 60 ta ba shi 1.5 ya ce awa ɗaya da minti biyar ko da minti hamsin, alhali awa ɗaya da rabi ce.

Maman 'Yan Biyu: Nawa su kuma yatsu ne matsalarsu. Daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya sai su ƙirga takwas, tara, goma, sha ɗaya su ɗago min yatsu huɗu wai awa huɗu, na rasa yadda zan yi da su

Malama Uwar Marayu: Ki ce musu a dunƙule hannu a kan takwas, don lokacin ba a yi komai ba tukuna, sai an ce tara a ɗaga yatsa ɗaya. Ki gwada su da kwana ma, sun fi saurin kamawa. An haihu ran Litinin suna sai wata Litinin, in suka ƙirga har da ranar haihuwar takwas za su samu, amma kowa ya san kwana bakwai ne don kwanan ake ƙirgawa.

Ɗan Kwari: To ga jarrabawa ga iyayen ma, kar mu yi ta ɗora wa yara. An ɗauke wuta 9:40 na dare an dawo da ita 2:10, awa nawa aka yi a duhu? Kar wanda ya taɓa biro

Anti Nas: Huɗu da rabi

Baban Ikram: Ƙarya ne wannan tambayar, wutar da aka ɗauke da dare ba ta dawowa ƙarfe biyu

Ɗan Kwari: Anti ta ci. Ta ya kika yi?

Anti Nas: Minti ashirin zuwa goma, awa biyu zuwa sha biyu, awa biyu zuwa biyu, da minti goma. Awa huɗu minti talatin

Ɗan Kwari: Malam ka gani ko, ba ta ari komai ba

Malamin Aji Huɗu: Na gani Alhaji, kuma zan gwada layin Malama da 'yan ajina ranar Litinin in Allah ya kai mu. Amma ina nan kan bakana, kafin su bar aji biyar sai sun iya aron sittin a rubuce, don akwai tambayar da za ta zo da awa da minti da sakan gaba ɗaya a ce a cire, a nan tsalle zai yi yawa.

Hajiya Makka: Ku ƙara da wannan ga manyan yara. Jirgi ya tashi Kano sha ɗaya na dare ya sauka Jidda agogon filin jirgin yana nuna biyar da rabi na asuba. Jikana ya ce min awa shida da rabi kenan, ya manta Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, sai ka cire su tukuna, saura huɗu da rabi

Ɗan Zango: Mu a Kumasi kuma muna bayanku da awa ɗaya, duk wasan da ku ka ce ƙarfe takwas mu bakwai ne

Malama Uwar Marayu: Hajiya wannan a bar wa 'yan aji shida dan Allah, 'yan aji uku a bar su su gama da ƙasa ɗaya tukuna 😄 Malam in za ka gwada ran Litinin kar ka fara da mai wuya, ka fara da cikakkiyar awa zuwa cikakkiyar awa, washegari ka shigo da rabi, kwata da sauran mintuna sai sati na biyu. Kuma tunda yaranka tamanin ne ka raba su layi-layi, kowane layi ka ba su kwali ɗaya, ina da ragowar guda shida in kana kusa ka aiko a karɓa.

Malamin Aji Huɗu: Na gode Malama, zan yi miki magana ta inbos. Hannayen da ƙusa kika ce ko da zare?

Malama Uwar Marayu: Ƙusa, amma ka lanƙwasa bakinta ta baya ka liƙe da salatif kar ta soki wani